Wa Zai Ce wa Namu Su Dakata?

Akwai wata aya a sura ta 19 ta Ayyukan Manzanni da nake ganin ya kamata kowane Kirista ya riƙe ta a ka tun kafin ranar da gari zai rikice. Luka yana ba da labarin tarzomar da aka yi a Afisa, sai ya ce taron ya ruɗe, waɗansu suna ihun wannan, waɗansu suna ihun wancan, yawancinsu ma ba su san dalilin da ya tara su ba. Ba 'yan tsiraru ba ne fa. Dandalin da suka cika, wanda kufansa yake nan har yau a ƙasar Turkiyya, yana cin mutum sama da 20,000. Sun kwashe wajen awa biyu suna kirari da murya ɗaya, jijiyar wuya a tashe, amma da za ka ja ɗayansu gefe ka tambaye shi laifin mutanen da aka kama, da bai iya ba ka amsa ba.

Wanda ya san dalili shi ne Dimitiriyas, maƙerin azurfa mai ƙera ƙananan siffofin haikalin Artimis, allahiyar garin. Da ya tara abokan sana'arsa, abin da ya fara faɗa musu shi ne da wannan sana'a muke samun arziki, ga Bulus yana raba mu da masu saye. Sai daga baya ya kawo zancen martabar allahiyarsu. Ciniki ne a gaba, addini ya biyo baya. Amma addinin aka fita da shi titi, domin ba wanda zai ba da ransa don kasuwar wani ta ja baya. Mutum ɗaya ya san abin da yake nema, 'yan sana'arsa sun san abin da za su rasa, sauran dubban kuwa ihu suka ji suka bi. A ganina mafi yawan tarzoma, ta siyasa ce ko ta ƙabila ko ta addini, haka ƙirarta take har gobe.

Saboda haka hikimar da ake nema a wurin mai bi a irin wannan rana tana farawa ne da ƙin yarda taro ya yi masa tunani. Daga nan sai abu mafi wuya, wato ya juya ya fuskanci mutanensa ya ce su dakata. Tsawata wa wancan ɓangaren abu ne mai sauƙi, har tafi ake yi maka. Wanda ya tsawata wa nasa kuwa, sunan da zai fara sha shi ne matsoraci, na biyu maci amana. Duk da haka nan ne aikin yake, domin naka ne kaɗai suke da dalilin sauraronka.

A duba Bulus kansa. Da ya ji an kama abokan tafiyarsa, Gayus da Aristarkus, ya so ya kutsa cikin dandalin. Masu bi suka hana shi. Waɗansu manyan lardin Asiya da suke abokansa su ma suka aiko suna roƙonsa kada ya kuskura. Wannan mutum ne da aka taɓa jifa da duwatsu a Listira har aka ɗauka ya mutu, ya tashi ya koma cikin garin. Ba wanda zai koya masa jarunta. Amma ya saurara, ya zauna. Da ya shiga, ganin fuskarsa kaɗai ya isa ya mai da ihu zuwa kisa, shi da mutanen da yake so ya ceta. Akwai ranar da shigarka tsakiyar taro taimako ne, akwai kuma ranar da babban taimakon shi ne kada a gan ka. Rarrabe waɗannan ranaku biyu yana bukatar mutum ya yarda 'yan'uwa su riƙe masa hannu.

Wanda ya kashe wutar a ƙarshe ba Kirista ba ne. Magatakardan gari ne, mai bautar Artimis kamar sauran. Ina son yadda Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar nuna mana hikima a bakin wanda ba namu ba. Bai zagi taron ba. Ya fara da abin da suke ƙauna, ya ce wa bai san Afisa ce mai kula da haikalin Artimis ba, don haka ku natsu, kada ku yi garaje. Sannan ya faɗi gaskiyar da ba wanda ya tsaya bincikawa, cewa waɗannan mutane ba su yi sata a haikali ba, ba su kuma zagi allahiyarku ba. Ya ware mai ƙara daga cikin taron ya kira sunansa: in Dimitiriyas yana da magana, kotu a buɗe take, mahukunta suna nan. Ya rufe da tuna musu abin da zai biyo baya, cewa Roma za ta iya tuhumar garin gaba ɗaya da tayar da hankali, ba su kuwa da hujjar da za su kare kansu. Ya sallame su, suka watse.

Akwai wani abu a jawabinsa da ya kamata ya taɓa mu. Bulus ya yi fiye da shekara biyu a Afisa yana wa'azi kullum. Bai ɓoye abin da ya gaskata ba, Dimitiriyas ma ya shaida yana koyar da cewa allolin da hannu ya ƙera ba alloli ba ne. Amma ranar da rai ya zo wuya, wani babban jami'i ya iya tsayawa gaban dubbai ya ce mutanen nan ba su zagi abin bautarku ba, ba a kuma samu wanda ya ƙaryata shi ba. Tsabtar bakinsu ta shekaru ce ta ba shi abin da zai kare su da shi. Ina tambayar kaina, in irin wannan rana ta zo wa ikkilisiyoyinmu, maƙwabcin da ba ya bin bangaskiyarmu zai iya ba da wannan shaida a kan wa'azinmu da abin da muke rubutawa a Facebook?

Dimitiriyas sai da ya bi ya tara mutane ɗaya bayan ɗaya. Na yanzu saƙo ɗaya zai tura. A ranar 29 ga Yulin 2024 an kashe yara mata uku a wani ajin rawa a Southport ta Ingila. Kafin gari ya waye wani sunan ƙarya ya karaɗe intanet, ana cewa makashin yaran wani Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ƙasar a kwalekwale. Washegari aka far wa masallacin garin, cikin 'yan kwanaki rikici ya bazu zuwa garuruwa da dama, har aka nemi cinna wuta a wani otal da aka sauke masu neman mafaka a ciki. Wanda ya yi kisan kuwa a Cardiff aka haife shi. Mutuwar yaran gaskiya ce, baƙin cikin mutane gaskiya ne. Sunan ne kaɗai ƙarya, shi ne kuma ya nuna wa fushin ƙofar da zai bi.

Jita-jitar da take kashe mutane ba kasafai take zama ƙarya tsagwaronta ba. Gaskiya ce da aka liƙa wa ƙarya ɗaya, ko bidiyon wata ƙasa da aka sa wa sunan unguwar kusa, ko mutum biyu da suka zama ɗari kafin saƙon ya kai waya ta goma. Mai turawa kuma sau da yawa mutumin kirki ne, har yakan ƙara da cewa 'yan'uwa a yi addu'a. Amma sura ta 23 ta Fitowa ta haɗa dokoki biyu wuri ɗaya: kada ka baza labarin ƙarya, kada kuma ka bi taro zuwa aikata mugunta. Ba a banza suke maƙwabtaka ba, ta farko ce take haifar ta biyu. Karin Magana ta ce wanda ya fara kawo ƙara kamar shi ne mai gaskiya, sai ɗayan ya zo ya yi masa tambayoyi. Don haka kafin yatsa ya taɓa waya, a tambaya: wa ya gani da idonsa? Yaushe? A ina? In wannan saƙo ya faɗa hannun yaro mai shekara 17 da aka kashe wa wa bara, me zai sa shi ya yi? In ba ka da amsa, saƙon ya kwana a wayarka. Cewa kai ma turo maka aka yi ba zai ɗauke maka alhakin jini ba.

Kada wani ya ce mu masu bi mun fi ƙarfin wannan. Ruwanda ta rufe wannan magana. A 1994, cikin kimanin kwana 100, an kashe mutane wajen 800,000, akasarinsu 'yan Tutsi, a ƙasar da mafi yawan jama'arta masu baftisma ne. Gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai har kunnuwa suka saba. Mutane suka gudu zuwa majami'u suna zaton mafaka ce, a ciki aka kashe su. A Nyange an rushe majami'a da katafila a kan mutum aƙalla 1,500 da suka ɓuya a ciki, kotun ƙasa da ƙasa da ta zauna a Arusha kuma ta yanke wa limamin wurin, Athanase Seromba, ɗaurin rai da rai a 2008. A 2017 Paparoma Francis ya nemi gafarar Allah saboda gazawar ikkilisiya a wannan lokaci. Masu kisan sun san waƙoƙin sujada, sun ci Jibin Ubangiji tare da waɗanda suka sare. Abin da ba a koya musu ba, ko aka koya bai zauna ba, shi ne yadda za su ce a'a ranar da ƙabilarsu ta ce i.

A ƙasar dai aka sami Felicitas Niyitegeka, 'yar Hutu, ma'aikaciyar ikkilisiya a Gisenyi, wadda ta ɓoye 'yan Tutsi tana tsallakar da su iyaka. Ɗan'uwanta babban hafsan soja ne, ya aika mata ta fita ta tsira, ta ƙi barin mutanen da ke hannunta. Aka kashe ta tare da su a watan Afrilun 1994. Na kawo ta ne don kada a ɗauka hikimar da nake magana a kai dabarar tsira da rai ce. Wani lokaci takan tsirar da kai, wani lokaci ita ce za ta kai ka kabari.

Na san akwai mai karanta wannan da zuciyarsa take tafasa. Ya binne ɗansa, ko an ƙone masa gida, ya kira jami'an tsaro ba su zo ba sai da aka gama. Zai ce, ɗan'uwa, kana so mu naɗe hannu a yanka mu ke nan? Ba zan amsa masa da sauri ba, domin wanda bai tsaya bakin irin wannan kabari ba ya kamata ya sassauta murya. Ban kuma ce mutum ya buɗe ƙofa ya miƙa iyalinsa ba. Nehemiya da aka yi wa barazana ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Kiristoci sun daɗe suna saɓani a kan iyakar kare kai, ba ni zan raba wannan gardama ba. Amma akwai abin da ba gardama a kansa. Wanda ya tsaya a ƙofar gidansa da dare yana kare yaransa daban, wanda gari ya waye ya bi gayya zuwa wata unguwa yana neman duk mai irin suna ko irin shigar waɗanda suka kawo hari daban. Ramuwar gayya ba ta cika samun mai laifi ba. Shi ya riga ya gudu. Direban da ya ratso hanya take samu, da tsohon da ya kasa gudu, da maƙwabcin da ya zauna don ya yarda da ku.

Labarin da ya fi taimaka mini a nan shi ne na Abigayil, a sura ta 25 ta littafin Sama'ila na fari. Abin lura shi ne Dawuda yana da gaskiya. Shi da mutanensa sun tsare makiyayan Nabal a jeji, ko tunkiya ɗaya ba ta ɓace ba. Da ya aika neman abinci a ranar biki, Nabal ya mayar masa da cin mutunci. Sai Dawuda ya ce kowa ya rataya takobi, ya tasar wa gidan da mutum wajen 400, ya rantse kafin safiya ba zai bar namiji ko ɗaya da rai ba. Mutum ɗaya ne ya yi zagi, amma hukuncin ya hau kan kowane namiji a gidan, har da makiyayan da suke yaba masa. Haka fushi yake lissafi, ko a zuciyar mutumin da Allah ya zaɓa.

Wani bara ne ya ga abin da ke tafe ya gaya wa uwargidan. Abigayil ba ta tsaya jiran mijinta ba, ta ɗora kaya a kan jakuna ta tari rundunar a hanya. Ba ta ce wa Dawuda ba a yi maka laifi ba. Ta yarda an yi, ta kawo abin da aka hana shi. Sannan ta ɗauke idonsa daga wannan dare ta kai shi gaba. Ta ce ranar da Ubangiji zai cika alkawarinsa ya naɗa ka sarki, kada ya zama kana ɗauke da nauyin jinin da ka zubar a banza, kada lamirinka ya riƙa damunka cewa ka rama da hannunka. Wato ta tuna masa ko shi wane ne, da wanda zai zama. Dawuda ya tsaya, ya yi wa Allah godiya da ya aiko ta, ya sa wa hankalinta albarka. Mutum 400 masu takobi suka juya saboda mace ɗaya ta yi magana a kan lokaci, saboda kuma shugabansu bai ji kunyar janye rantsuwar da ya yi a gabansu ba. Wannan na biyun ma hikima ce, ita ce kuma ta fi ƙaranci a wurin shugabanni.

Abin da matasanmu suke bukatar ji ke nan daga bakin iyaye mata da dattawa. Kada a ce musu ba a yi muku komai ba, sun san an yi, daga ranar kuma ba za su ƙara sauraronmu ba. A ce musu an yi, muna kuka tare da ku, za mu bi hakkin nan har inda ƙarfinmu ya ƙare. Amma ɗana, shekara 30 nan gaba kai ne za ka tsaya gaban jama'a kana addu'a, kai ne za ka ɗauki jikanka. Kada ka kai wa wannan dattijon fuskar wani bawan Allah da ka kashe a hanya ba ka ko san sunansa ba. Ubangijinmu a Getsamani ya ce wa Bitrus ya mai da takobinsa kube, alhali ba a taɓa zaluntar wani kamar yadda ake shirin zaluntarsa a daren ba. Warkarwa ta ƙarshe da ya yi kafin gicciye, kunnen bawan waɗanda suka zo kama shi ya warkar.

A ranar 30 ga Janairun 1956 aka jefa bam a gidan Martin Luther King, faston da yake jagorantar neman 'yancin baƙar fata, a Montgomery ta Amurka, matarsa da jaririyarsu suna ciki. Jama'a suka taru, waɗansu da makamai. Ya fito bakin ƙofar da aka fasa ya ce kowa ya mai da makaminsa gida. Amma bai janye ƙauracewa motocin haya da baƙar fata suke yi ba, aka ci gaba har kwana 381, sai da aka soke dokar wariya a motocin. A watan Yulin 1985 kuma, a Duduza ta Afirka ta Kudu, Bishop Desmond Tutu ya kutsa cikin taron masu makoki ya ƙwaci wani mutum da ake shirin ƙonawa bisa zargin ɗan leƙen asirin gwamnati ne. Ba da daɗewa ba aka ƙone wata matashiya a garin bisa irin wannan zargi, daga baya ta tabbata ba ta da laifi. Tutu ya tsaya gaban dubban mutanensa ya ce in aka ci gaba da haka zai kwashe iyalinsa ya bar ƙasar. Ba wanda ya fi shi ƙin mulkin wariya. Shi ya sa da ya yi faɗa aka saurara.

Wannan ya kai ni ga wata hikimar jabu da take yawo a irin waɗannan lokuta, mai cewa a yi shiru kawai, a bar wa Allah, kada a ta da ƙura. A 1963 waɗansu shugabannin addini takwas, fararen fata, a jihar Alabama suka fitar da sanarwa cewa zanga-zangar lumana da King yake jagoranta rashin hikima ce, lokacinta kuma bai yi ba. Daga kurkukun Birmingham ya amsa musu cewa wanda ba a taka ba ne yake ganin jira abu mai sauƙi. Annabi Irmiya ya riga ya yi kuka da masu ɗaure miki sama-sama suna cewa lafiya, lafiya, alhali ba lafiya. Tarzoma ba ta faɗowa daga sama. Yunwa, da rashin aikin yi, da kisan da ba a hukunta kowa a kai ba, da zaɓen da aka murɗe, su ne suke taruwa shekara da shekaru. Ikkilisiyar da ta yi gum a duk waɗannan shekaru, ranar da matasa suka fito ta ce su yi haƙuri, ba za su ji ta ba. Laifin kuma ba nasu kaɗai ba ne.

Masu mulki ma suna da nasu kason. Mutanen Isra'ila sun zo wa Rehobowam a Shekem da roƙo, ba da makami ba, suka ce a rage musu nauyin da mahaifinsa ya ɗora. Dattawa suka ce ka saurare su, ka ba su amsa mai daɗi. Ya bi shawarar abokansa ya amsa da barazana, kabila goma suka ɓalle, jami'in da ya aika aka jajjefe shi. A shekara ta 390 aka yi tarzoma a Tasalonika har aka kashe kwamandan sojan garin. Sarki Tiyodosiyus, wanda Kirista ne, ya ba da umarni cikin fushi, sojoji suka karkashe dubban mutane ba tare da tantance mai laifi ba. Ambrose, bishop na Milan, ya rubuta masa cewa ba zai ba shi Jibin Ubangiji ba sai ya tuba, sarkin kuwa ya tuba a bainar jama'a. Ramuwar gayya ba ta zama adalci don masu kaki ne suka yi ta. Bakin da ya ce wa matasa su ajiye duwatsu, shi ne ya wajaba ya ce wa hukuma ta sauke bindiga daga kan marasa makami, ta kuma gurfanar da waɗanda suka yi kisa ko su wane ne. In ya faɗi ɗaya ya haɗiye ɗaya, ya zama ɗan amshin shatan wani ɓangare.

Gudu ma ba abin kunya ba ne. Yesu ya ce in sun tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. An zurara Bulus cikin kwando ta bangon Dimashƙu. A Urushalima, da ɗan 'yar'uwarsa ya ji mutum fiye da 40 sun yi rantsuwar kashe shi, Bulus bai tara nasa mutanen ba, ya tura yaron wurin shugaban sojoji, aka fitar da shi da dare. Kwashe yara da tsofaffi da wuri, da bin dokar hana fita, da kai rahoto ga hukuma ko da ba ka da tabbacin za ta motsa, duk suna cikin wayon maciji da aka ce mu haɗa da halin kurciya.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Disambar 2013, lokacin da Bangui ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta kama da wuta, 'yan bindigar da ake kira anti-balaka suna farautar Musulmi, Akbishop Dieudonné Nzapalainga ya ɗauki Imam Oumar Kobine Layama da iyalinsa ya ajiye su a gidansa wata da watanni. Ba a ranar suka san juna ba. Tun kafin nan su biyu da wani fasto suke yawo tare gari-gari suna kwantar da hankalin jama'a. Faston da ba shi da lambar wayar shugaban wancan ɓangaren yau, ba zai same ta ranar da hayaƙi ya tashi ba. Haka matashin da bai taɓa jin an yi wa'azi a kan fushi da jita-jita da ramuwa ba, ba a tsakiyar titi zai koya ba. Yakubu ya ce hikimar da take daga sama da fari tsattsarka ce, sannan mai salama, mai sauƙin kai, mai jin shawara, cike da jinƙai, marar nuna bambanci. Waɗannan halaye ne, hali kuwa a kwanakin zaman lafiya ake gina shi. Ya kuma ce wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah mai bayarwa hannu sake. Roƙon nan ya kamata ya shiga addu'ar ikkilisiya tun gari yana lafiya.

Wuri na ƙarshe da ake gwada mu shi ne bayan ƙura ta lafa, nan ne kuma muka fi yin shiru. Ranar Lahadi ta farko bayan rikici, a cikin masu sujada akwai wanda aka ƙone wa shago, wataƙila kuma akwai wanda kayan shagon wani suke ɗakinsa. Akwai uwar da ta san inda ɗanta ya kwana a daren, ta ga abin da ke jikin rigarsa. Sauƙin shi ne a yi wa'azi a kan tsananin da ake yi mana, a yi waƙa, a tashi. Amma in dattawa sun san an kwaso kaya, aikinsu ne su sa a mayar, su raka mai mayarwa har ƙofar mai kayan. In an tara gudummawa, gwauruwar wancan ɓangaren da aka kashe wa miji a unguwarmu tana da rabo a ciki. In kuma ɗan ikkilisiya ya zubar da jinin marar laifi, ba za mu yashe shi ba, za mu bi shi da addu'a da ziyara har kurkuku, amma ba za mu ɓoye shi ba. Ranar da kotu ta nemi shaida, dattijon da ya gani ya je ya faɗi abin da ya gani, ko da yaron ɗan mai bishara ne.